Na'ura tana ba da amsa, amma wa ke tsaye a bayan amsar?

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya ko wannan ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayi tunani take yi irin na ɗan Adam, kuma in har ta san komai, me zai sa ka ci gaba da wahalar karatu. Na ga wasu sun ce maka aikin shaiɗan ce, wasu kuma sun ce zamanin malamai ya wuce. Duka biyun ba su gamsar da ni ba. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a cikin Birnin Kano, bayan Magariba kuma ina ɗaukar karatun fiƙihu a zaure, kuma kusan kullum sai na taɓa abin nan wajen shirya darasi.

Tambayarka ta girme mu duka. Tun 1950 Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, ya ɗauko ta, ya kawo gwaji: a sa mutum ya yi hira a rubuce da na'ura da kuma wani mutum, a ga ko zai gane wane ne wane. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta ka da Garry Kasparov, gwarzon duniya a darar Turawa, amma ban da wasan nan ba ta iya komai ba. Sai a Nuwamba 2022 da ChatGPT ya fito maganar ta sauko har teburin mai shayi.

Yadda irin waɗannan manhajoji suke aiki ba sihiri ba ne. An ɗura musu rubutu mai ɗimbin yawa, na littattafai da na intanet, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata, kamar yadda wayarka take cinko maka kalma ta gaba in kana rubuta saƙo, sai dai nasu ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Daga baya aka sa mutane suna zaɓar amsar da ta fi kyau, aka ƙara horas da su da wannan. Kada ka raina abin, wallahi yana ban mamaki. Tambayoyin gwaji da nake kwana ina haɗawa, yanzu kafin shayi ya huce an gama.

To amma ga abin da na gani da idona. Na ba wata manhaja mas'alar gado: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma biyu bisa uku, in ka haɗa ya wuce dukiyar. A nan ake yin auli, wato a rage wa kowa gwargwadon rabonsa, asalin mas'ala ya tashi daga 6 zuwa 7, miji ya ɗauki kashi 3, su kuma 4. Ta kawo amsar daidai, har da bayani mai tsabta. Sai na gwada ta, na ce mata a'a, miji rabinsa cif zai ɗauka, su raba saura. Nan take ta ba ni haƙuri, ta ce ni ke da gaskiya, ta sake lissafi a kan ɓata, kuma da irin natsuwar da ta faɗi ta farko.

Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Da malaminmu na zaure na yi wa haka, gilashinsa zai gyara, ya jawo littafi, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Karanta mini nan." Ba zai motsa ba ko da mutum goma ne suka taso masa, don ya san dalilin hukuncin, ya san wanda ya karantar da shi, ya kuma san haƙƙin wasu ne a wuyansa. In kuma aka zo inda bai tabbatar ba, sai ya ce Allahu a'alamu, a dawo gobe. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a guda 32. A wurina nan ne bambancin yake. Na'ura tana sarrafa magana, wani lokacin fiye da mu, amma ban ga yaƙini a tattare da ita ba, kuma in amsarta ta raba zumunci, ba ita za a tsayar ba, a gaban alƙali ko gobe ƙiyama.

Akwai kuma sanin da bai taɓa shiga takarda ba. Ka leƙa marinar Ƙofar Mata ka tsaya kan dattijon marini. An zuba baba da toka a rami an bar su sun yi kwanaki, shi kuma da kalar kumfa da wari yake gane ruwan ya nuna. Ya tsoma zane ya fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, hannunsa ya san sau nawa zai mayar. Na'ura za ta zayyano maka bayanin sinadaran nan tsaf, amma a miƙa maka bayanin a ce ka haɗa rami ɗaya, ranar za ka gane.

Saboda haka, ƙanena, karatunka yanzu ma ya fi zama dole. A ajina, yaron da ya iya darasi shi ke cin moriyar manhajar, don yana kama ta in ta kauce. Wanda bai iya ba kwafa yake yi, daidai da kuskure duka, ya kawo mini yana murna. Ka yi amfani da ita wajen neman ƙarin misali da sauƙaƙa bayani, amma aya ko hadisi ko sunan littafi in ta ba ka, kada ka yaɗa sai ka gani a asali, don takan ƙaga abin da babu.

Ka ƙara hattara in da Hausa kake tambayarta, ko a kan tarihinmu. Abin da aka ɗura mata yawanci Turanci ne, namu kaɗan ne. Rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke cikin adaka a gidajen malamai, irin na unguwar Madabo, galibinsu ba a hau da su intanet ba, ba ta taɓa ganinsu ba. In aikin makaranta aka ba ka a kan wata unguwa ko wata sana'a ta Kano, ka fara da dattawan wurin da gidan tarihi na Gidan Makama, sannan ka dawo ta taya ka tsara abin da ka samo.