Amsa ga ƙanwar da ke son kai yara Furano a hutun Obon

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki cewa maigida zai samu hutun Obon, wanda ake yi a nan Japan a tsakiyar Agusta, kuna son ku hau arewa zuwa tsibirin Hokkaido da yara ku ga gonar furanni ta Furano ku sha melon, kuma wani ya ce ku ba shi kuɗi ya shirya muku komai. Wallahi da na zo kan wannan magana ta ƙarshe gabana sai da ya faɗi, domin ta wannan ƙofar aka shigo mana.

Idan labenda kike son gani, wannan shunayyar da ke cika hotuna, to Agusta ta makara. Furen Yuli ne. Mai saurin fitowa yakan fara launi tun ƙarshen Yuni, gonar ta cika sosai wajen tsakiyar Yuli, daga nan sai su shiga yanka don tatsar man ƙamshi. Manoma ne, ba don hotonmu kaɗai suka shuka ba. Duk wanda ya ce miki za ki tarar da ita a Obon, ko dai bai taɓa zuwa ba, ko kuɗinki yake so.

Mu namu mutumin ya san wurin sarai. Ɗan ƙasarmu ne, ya daɗe a nan, yana jin yarensu, kowa Yaya yake ce masa. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma don Allah kada a biyo ni ta akwatin sirri ana tambaya. A lokacin Hajiyarmu ta zo min zaman jego, bizarta ta kusa ƙarewa. Mace ce mai son shuke-shuke, tsakar gidanta a Zariya duk tukwanen fure ne. Ya turo mana hotunan Farm Tomita, fitacciyar gonar labenda ta yankin, tudu guda ya rine da shunayya, na nuna mata, ta ce in Allah ya yarda ba za ta koma ba sai ta ga wannan ikon Allah da idonta. Na tambaye shi baki da baki, Yaya, a ƙarshen Agusta akwai furen nan? Ya ce har Satumba ma akwai. Da rantsuwarsa.

Ya karɓi kuɗin mota, na abinci, da wani da ya kira kuɗin shiga gona, kai-da-kai har da yara. Ƙanwata, Farm Tomita ba a biyan ko yen ɗaya a ƙofa. Kyauta ake shiga. Ina tsaye a bakin wurin ina jira ya je ya karɓo tikiti, sai na ga mutane suna ta wucewa abinsu, shi kuma ya kau da kai yana danna waya.

Muka hau tudun da Hajiya, ga ciwon gwiwa, ina riƙe da hannunta, jaririya a goye. Muka isa inda hoton ya nuna, sai kututture kore-kore a jere, kamar gonar gero bayan girbi. Ta tsaya tana haki, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "To ina furen?" Ban iya ba ta amsa ba. Da ta fahimta sai ta ce ba komai, ai ko ganyen ma abin kallo ne. Wannan "ba komai" ɗin ya fi min ciwo a kan ta yi faɗa. Dattijuwa ta baro garinta, ta sha zaman jirgi, ta yi watanni tana min wanka da tuwo, abu ɗaya tak ta roƙa. Na juya baya na yi kuka cikin hijabi don kada ta gani. Shi kuwa yana gindin tudu yana ɗaga mana hannu wai mu yi sauri lokaci ya ƙure, akwai wasu wurare. Da na yi masa magana a mota cewa ya yi bana ne yanayi ya canza. Daga baya da maigida ya kai maganar gaban manya, sai aka ce mu yi haƙuri, ɗan'uwa ne, a ƙasar mutane muke, kada a ji kanmu. Har yau wannan haƙurin da aka ɗora mana yana ci min rai, domin shirun da muka yi shi ya ba shi damar yi wa wasu. Mu da muke nan 'yan kaɗan ne, idan na gaba ba zai riƙe amanar na baya ba, wa zai riƙe?

Masu gonar ba ruwansu, kada ki fahimce ni ba daidai ba. Wurin tsaf yake, kuma ko a Agusta akwai wasu furanni jajaye da rawaya da farare a filin da ke kusa da ƙofa, akwai kuma ɗakin gilashi da suke rainon labenda a ciki duk shekara. A can na kai Hajiya ta sunkuya ta shinshina, ta sayi sabulu da ɗan ƙunshin busasshen fure na sa wa cikin kaya. Su ma mutanen sun ga wuya a kan furen nan. Tun 1958 gidan suke nomansa, da turaren kanti mai arha ya karya kasuwa a farkon shekarun 1970 maƙwabta suka tuge nasu, su ma saura kaɗan su bi sahu. Hoton gonar da ya fito a kalandar hukumar jiragen ƙasa ta Japan a 1976 shi ya jawo baƙi har abin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa nake jin haushin mai cin kuɗi da sunansu.

Melon kam ba za ki rasa ba, Agusta tsakiyar lokacinsa ne. Dangin shammam ne, sai dai na Furano cikinsa ruwan goro ne, ga laushi ga ruwa, cokali kawai ake sa masa. Shi ne abin da ya ɗan wanke mana zuciya ranar. Dab da gonar akwai Tomita Melon House, sunan ya zo ɗaya amma masu shi daban ne, a nan ake sayar da shi yanka-yanka da sanyinsa. Ki sayi yankan, ya fi sauƙi da yara. Idan kin ɗauki guda cur, ki tambayi ranar da zai nuna, sukan faɗa ko su rubuta, don da yawa sai sun kwana biyu a ɗaki gindinsu ya yi taushi ƙamshi ya tashi, sannan a sa a firiji awa biyu ko uku kafin a yanka. Kada ki ji labarin na Yubari ki tsorata, wanda aka yi gwanjon guda biyu a kan yen miliyan 5 a Sapporo a 2019. Wannan gwanjon farkon kaka ne na neman suna. Na ci da yara kuɗinsa bai kai ya hana ki barci ba.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne kayan zaƙin da ake yi da melon ɗin. Mutumin nan ya raba wa yara jeli a mota, na ce Yaya ka duba? Ya ce 'ya'yan itace ne zalla. Sai da muka dawo masauki na juya robar na ga ゼラチン, jelatin, wanda a nan sau da yawa daga alade ake yinsa. Ɗana ya riga ya shanye nasa har ya karɓi na ƙanwarsa. Na san Allah ba ya kama yaro, ba ya kama wanda bai sani ba, amma daren nan ban runtsa ba. Ki nemi wanda aka yi da kanten, shi daga ciyawar teku ne. Kuma ki sani dokarsu ba ta tilasta a rubuta alade ko jelatin a jerin abubuwan da ke tayar da borin jini ba, shawara ce kawai ake ba kamfanoni, don haka rashin ganin 豚, wato alade a rubutunsu, a jikin leda ba hujja ba ne. Burodin melon akwai maganar kitsen da aka murza shi da shi, kek kuma sukan ɗiga masa giya. Askirim ɗin labenda da na melon ki tambaya a wurin, idan mai sayarwa ya yi jim bai da tabbas, ki haƙura ki koma kan ɗan itacen, shi ba shubuha.

Ba kwa buƙatar kowa ya kai ku. Daga birnin Asahikawa layin jirgin ƙasa na Furano zai sauke ku a Nakafurano, tafiyar ƙafa ta kusa rabin awa, da yara gara tasi. Da bazara akwai jirgin Norokko da ke tsayawa a wata 'yar tashar wucin gadi kusa da gonar, minti bakwai ne a ƙafa, sai dai ki duba ko har yanzu yana nan, da ranakun da yake aiki, kafin ki dogara da shi. Obon kowa a ƙasar nan yana kan hanya, masauki da tikiti tsada suke yi kuma su ƙare da wuri. Idan maigida zai iya roƙon kwana biyu a Yuli mai zuwa, ni dai shi zan zaɓa miki. Idan kuma lallai sai Agustan, ku haɗa da Shikisai no Oka a Biei, can furanninsu na jure har kaka, kuma ki gaya wa yaran tun a gida cewa shunayyar nan ba za su gan ta ba.

Ki tafi da sallaya da 'yar butar roba, da lema, don rana na dukan tudun nan ba inuwa. Asuba kuma da wuri take yi sosai a can, a Yuli wajen ƙarfe huɗu rana ta fito. In akwai dattijuwa a tafiyar kada ki bari a gaggauta ta.

Shi wanda ya ce zai shirya muku, ki ce ya rubuto abin da kowane kuɗi yake nufi ɗaya bayan ɗaya. In kin ga kuɗin shiga Farm Tomita a ciki, ki turo min hoton takardar kafin ku tura masa ko sisi.