Game da ɗiyarki mai tafiya lakwal da yunwa

Hajiya, kin tambaya ko rashin karin kumallo ne ke sa ɗiyarki mai shekara 15 yawan fushi da kasala. Yana iya zama sanadi, musamman da yake ƴan matan da suka fara al'ada sukan rasa sinadarin ƙarfe, ƙarancin jini kuwa yana kawo gajiya da rashin natsuwa. Na ga haka a nan Tawa ga ɗiyar ƙanwata, wadda shayi kaɗai take kurɓa ta fita. Ki ba ta kunu da ƙosai da safe, hanta ko kwaɗon zogale da rana, a jinkirta shayi bayan abinci, domin yana rage ƙarfen da jiki ke samu. In ƙuncin ya wuce mako 2, ku ga likita a auna jininta, ki kuma saurare ta.