Yadda sel ke gano inda DNA ya karye, ya kuma gyara shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. An koya mana cewa gashin da ake yi wa masu cutar daji, irin na asibitin koyarwa da ke Shika, yana aiki ne ta hanyar karya DNA. An kuma ce sel na gyara karayar. Ta yaya furotin yake gane inda aka karye, kuma me ya sa gyaran ba ya ceton sel ɗin daji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tana cikin siffar furotin ɗin kansa.

DNA zare ne mai sili biyu a murɗe. In sili ɗaya ya tsinke, gyaran da sauƙi, tunda ɗayan na nan za a kwafa daga gare shi. Babbar matsala ita ce su tsinke tare, baki biyu su zauna a sake. Mai fara isa wurin shi ne Ku, furotin biyu ne manne da juna, Ku70 da Ku80. A 2001 aka fitar da siffarsa, sai ga shi da rami a tsakiya daidai kaurin DNA. Zobe ba ya shiga yatsa ta tsakiya, sai ta kai. Haka Ku yake: lafiyayyen zare ba shi da bakin da zai zura ta cikin ramin, sai wanda ya karye. Kuma ba ruwansa da haruffan da ke rubuce a wurin, wato jerin sinadaran da ke ɗauke da saƙon DNA, gefen zaren yake riƙewa, shi ya sa kowace karaya yana iya kama ta.

Da ya zauna sai ya jawo DNA-PKcs, ƙaton furotin mai amino asid 4,128, ya rufe bakin kada a ci shi. Hotunan daskararren samfuri da aka fitar a 2021 sun nuna matakai biyu. Da farko ana riƙe bakunan nesa da juna, kusan nanomita 11, wani furotin mai suna XLF ya yi gada a tsakani. Daga baya DNA-PKcs ya liƙa wa kansa fosfet, ya saki, bakunan su fuskanci juna, sannan ligase IV, furotin mai haɗa zare, da ke jingine a kan wani furotin XRCC4, ya liƙe su. In bakin ya yi kaca-kaca, sai Artemis, furotin mai yanka, ya datse shi tukuna, kuma a nan ne haruffa ke salwanta. Hanya ce mai sauri, amma ba ta duba ko abin da ta haɗa daidai ne.

Hanya ta biyu ta fi tsafta, sai dai ba ta yiwuwa sai bayan sel ya kwafi DNA ɗinsa, akwai tagwai a kusa. Furotin uku, MRE11, RAD50 da NBS1, su ke fara gutsure sili ɗaya a bar ɗayan tsirara. Furotin BRCA2 ya jera furotin RAD51 da yawa a kan silin tsirarar, kowanne na riƙe haruffa 3, su miƙar da silin har ya lalubo wurin da ya dace a jikin tagwan, a kwafo abin da ya ɓace. Wadda ta gaji BRCA2 mai lahani, ko BRCA1 da ke aiki a wannan hanyar, tana cikin haɗarin cutar dajin mama da na ƙwan mace saboda wannan. Jaririn da aka haifa ba Artemis mai aiki kuwa ba ya samun sel ɗin garkuwa na B da T, domin su da gangan suke yanka DNA ɗinsu su sake haɗawa.

Sai batun gashi. Gire shi ne ma'aunin yawan hasken gashi da jiki ya sha. Gire 1 na haske yana jawo karaya kusan 20 zuwa 40 a sel guda, kuma yawanci ana ba da wajen gire 2 a rana, kwana 5 a mako. Karayar gashi ba tsaf take ba, ɓarna ce cunkushe a wuri ɗaya. In bakuna suka yi yawa, ligase IV na iya haɗa bakin wannan kuromosom da na wancan, kuma in sel ya zo rabuwa sai ya mutu. Sel ɗin daji sau da yawa ba ya tsayawa ya gama gyara kafin ya rabu, lafiyayye kuwa yakan dakata, ya yi amfani da sa'o'in da ke tsakanin gashin yau da na gobe. Wannan ne dalilin raba gashin kashi-kashi. Don Allah in kina da mai jinya, ki nuna masa kada ya tsallake ranakunsa ba da sanin likita ba, domin a tazarar nan sel ɗin dajin da suka tsira suke sake yawaita.