Ɗan'uwa kada ka zare kuɗinka shiru, irin ta ta faru da ni

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tun jiya da dare na ga tambayar nan taka na kasa wucewa, sai da na karanta ta sau uku, kamar ka leƙa cikina ne ka kwaso abin da ya same ni. Ka ce ku huɗu kuka haɗa jari kuka buɗe shagon POS da kayan waya, mai riƙe da lissafi ya daina faɗa maku komai, sauran biyun kuma sai dai su ja ka gefe su yi ta ƙorafi amma da ya shigo kowa ya yi tsit, shi ne kake tambaya ka yi magana ko ka zare kuɗinka shiru ka kama gabanka. To ni tela ne, ban san harkar POS ba, amma zaman haɗaka na san shi har ya bar mani tabo.

Mu uku ne muka kama shago a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina bayan gobarar babbar kasuwa ta 2021, lokacin da mutane da yawa suka rasa wurin zama. Keke kowa da nashi, janareto da injin aiki, wato na yi ma riga ado, na haɗaka, haya a raba uku. Ba mu rubuta komai ba, ko a bayan kwalin ashana. Babbanmu gidan oga ɗaya muka koyi ɗinki, ya riga ni da shekaru, shi ya fara nuna mani yadda ake fitar da wuyan kaftani, Yaya nake ce mashi har yau bakina bai iya kiran sunanshi ba. To ka gaya mani ta ina zan dubi idonshi in ce Yaya kawo littafi mu gani? Ai sai in ga kamar na ce mashi ɓarawo. Haka muka yi ta tafiya, in abu ya ɓata mani rai in haɗiye, in koma gida in sauke ma mai ɗakina, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Kun dai san yadda farkon 2023 ya kasance da canjin kuɗi, takardar naira ta zama zinari, kowa ya koma taransifa, ga sabis ba ya tafiya, a cire maka kuɗi wancan bai ga alat ba. Mu ba mu da asusun shago, duk wanda kwastoma ya tarar shi zai ba lambar asusunshi. Ashe tun cikin Sha'aban wani Alhaji ya kawo shadda kala tara, tashi da ta 'ya'yanshi, ya tarar da Yaya shi kaɗai, aka yi awo, ya tura kuɗin ɗinki duka har da na aiki. Wallahi tallahi ko da wasa Yaya bai faɗa mana ba. Bai rubuta a allon da muke rubuta ayyuka ba, bai ce ma yaro ko ɗaya ba, ya cusa kayan cikin buhu ya tura ƙarƙashin teburin yanka.

Duk tela addu'arshi azumi ya cika talatin, a shekarar kuwa ashirin da tara aka yi. Daren Alhamis muna tsaka da guga sai ga sanarwar Sarkin Musulmi an ga wata, gobe Juma'a sallah. Yaya tun bayan la'asar ya ce zai je ya dawo. Wajen ƙarfe goma sai ga mota ta tsaya ƙofar shago, Alhajin ya fito da yara biyu ƙanana riƙe da hannunshi, suna ta murna an zo amsar kayan sallah. Ya ce ina kayana. Na ce waɗanne kaya ranka ya daɗe? Wannan tambayar ita ta tunzura shi, ya ɗauka raina mashi hankali nake. Ya buɗe waya ya nuna mani shaidar taransifa, muka kira Yaya waya a kashe, muka birkice shago kaf, can wani yaro ya jawo buhun nan, shadda na nan a linke yadda aka yanko ta daga kanti, ko almakashi bai taɓa ta ba, ga 'yar takardar awon a soke da allura.

Ɗan'uwa ban taɓa shan zagi irin na daren nan ba. Maci amana, ɓarawon zaune, marar tsoron Allah a cikin wata mai alfarma, a gaban yarana da nake koya ma aiki, ga maƙwabta sun taru, masu jiran ɗinkinsu su ma kowa ya fara duba nashi ko an yi mashi irin ta. Ni duk zagin bai dame ni ba kamar ƙaramin yaron nan, bai fi shekara biyar ba, ya dubi uban ya ce Baba ba za mu sa sabon kaya ba? Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mani maƙoshi. Kuma ban iya cewa ba ni na amsa ba, shago ɗaya ne, sunanmu ɗaya a wajen mutane. Na yi ta ba shi haƙuri har da durƙusawa, ni da ban san hawa ba ban san sauka ba. Na ajiye kayan 'ya'yana da ban ƙarasa ba na kwana ina ɗinka na ƙananan guda uku, ba aiki ba komai, haka nan lami. Ina jin kabbarorin masu tafiya idi ina sa maɓalli. Ban samu idi ba a shekarar, nawa yaran da kayan bara suka fita.

To ga inda nake son ka buɗe kunne, don nan ne laifina. Ran uku ga sallah Yaya ya shigo ya ce barkanmu da sallah kamar ba a yi komai ba, ni kuma na amsa na sunkuyar da kai na ci gaba da taka keke. Ban ce mashi uffan ba. A raina ina cewa ai shi ya kamata ya fara, shi ma ashe yana jiran in tambaye shi. Daga nan gaisuwa ta fara gajarta har ta ɗauke, muna zaune tsakaninmu bai fi taku uku ba amma sai dai in ce ma yaro je ka ce ma oganka ya ba ni zaren ruwan toka, yaron ya juya ya maimaita, shi kuma ya miƙa ma yaron. Manya da mu, da gemu. Kuma mun san hadisin da ya hana Musulmi ya ƙaurace ma ɗan'uwanshi sama da kwana uku, sahu ɗaya muke tsayuwa a masallacin bakin titi, amma shaiɗan ya samu wurin zama.

Sai kuma aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, janareto ya zama abin faɗa, wa ya sa mai jiya, wa ya fi daɗewa a kan injin aiki, kuma duk ba mai faɗa a fili. Na ukunmu shi ya zama ɗan aike. Ya zo wajena ya ce ka ji abin da Yaya ke cewa, ya koma can ya ce ka ji abin da wane ke cewa. Shi ya sa da na ga ka ce biyun nan suna jan ka gefe gabana ya faɗi. Ka yi hattara da su. Ban ce mugaye ba ne, amma mai kawo maka magana a ɓoye ranar da aka zauna zai iya cewa shi bai ce ba, su tura ka gaba su zame, ka zama kai ne fitinanne. Kafin ka buɗe baki ka ce masu duk abin da kuka faɗa mani za ku maimaita a gabanshi ko a'a? In sun ce a'a to ka daina sauraronsu.

Bayan babbar sallah muka raba gari, injin aikin da muka sha wahala muka saya aka kaɗar da shi a wulaƙance don kowa na son ya amshi nashi ya huta da ganin ɗan'uwanshi. Sai bayan kusan shekara muka haɗu da Yaya wajen wata ta'aziyya, aka bar mu mu biyu a kan tabarma ba yadda za mu yi, nan ne ya faɗa mani lokacin mahaifiyarshi na kwance asibiti, kuɗin Alhajin magani ya saya da su yana nufin ya mayar, kunya ta hana shi faɗa, kayan kuma hankalinshi ya rabu ya manta da su sam. Kuma wai an ce mashi ina yawo da shi a gari ina kiranshi ɓarawo, abin da ban taɓa furtawa ba. Ban ce na wanke shi ba fa, har gobe ina ganin ya zalunce ni, ya kashe waya ya bar ni da wuta a hannu, ko saƙon layi ɗaya ai da ya turo. Amma da ran ukun nan na ce Yaya me ya faru, ina jin da yanzu muna tare.

Don haka kada ka zare kuɗinka shiru. Kuma dan Allah kada ka yi maganar nan a WhatsApp, saƙon murya na minti bakwai ba ya gyara komai, sai dai a yi ta tura shi ana cewa ji yadda ya yi magana. Ku zauna ku huɗu ido da ido bayan an rufe shago, ka fara da kanka, ka ce ni ban gane lissafin nan ba a fahimtar da ni, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Kuma ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce ai an yarda da juna. Ni yanzu ko ƙanina ya kawo ɗinki sai na rubuta a gabanshi, kuma daga goma ga azumi na rufe amsar aiki ko wane ne, masu kawo yadi ran ashirin da biyar su ce dan girman Allah ka taimaka su ma suna da nasu alhakin, amma wannan wata maganar ce.

In kana jin nauyinshi irin yadda na ji nauyin Yaya, ku samu dattijo ɗaya a layinku wanda ba dangin kowa ba ya zauna tsakani. Zai yiwu ka tarar ba cin kuɗi ba ne, wata matsala ce ta danne shi, zai yiwu kuma ka tarar an ci ɗin, to sai ka fita da saninka da shaidu. Abu ɗaya ban gane ba a tambayar taka, asusun da na'urar POS ɗin ke zuba kuɗi da sunan wa aka buɗe shi, kuma alat ɗin wayar mutum nawa yake shiga? In wayarshi ce shi kaɗai to wannan za ku fara gyarawa a zaman, tun kafin a zo maganar riba.