Kamun kifin tirawut da kaka: ina bambancinsa da fatsar Challawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Gwammaja ne a birnin Kano, kuma nakan je fatsa a Challawa ranakun hutu. A ƙarshen watan Satumba zan tafi kwas ƙasar Sikotilan, kuma mai masaukina ya yi alkawarin kai ni wani kogi da ke gangarowa daga tsaunuka mu kama kifin da suke kira tirawut. Shin ƙugiya da tanar da na saba da su za su yi mini aiki a can? Kuma me ya hana a yi kiwon wannan kifi a wajenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya kai ka lafiya. Kafin maganar ƙugiya, ɗan'uwa, ka fara duba kwanan wata, domin dokar Sikotilan ta yarda a kama tirawut mai launin ruwan ƙasa ne daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba kawai. Idan ka sauka a ƙarshen Satumba, kwanaki kaɗan suka rage maka, saboda haka ka roƙi mai masaukinka kada ya ɗaga tafiyar. Haka kuma koguna a can suna da masu su, sai an nemi izinin mai wurin ko ƙungiyar da ke kula da shi, kamar dai yadda baƙon masunci ba ya jefa birgi sai ya gaida sarkin ruwa.

Dalilin rufe kamun shi ne mabuɗin fahimtar halin kifin a wannan lokaci. Kakarsu ba irin tamu ba ce ta girbin gero da dawa, lokaci ne da rana ke gajarcewa, ganye ke zuba, ruwa kuma ke ƙara sanyi kullum. Daga Oktoba zuwa Disamba wannan kifi yake zuba ƙwai. Macen takan haura zuwa inda ruwa bai da zurfi kuma ƙasansa tsakuwa ce, ta kwanta ta gefe tana kaɗa wutsiya har ta haƙa ɗan rami, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sannan ta rufe su da tsakuwa su kwana a nan har sanyi ya fara wucewa. Tun makonni kafin haka jikin kifin ya fara shiri: launinsa yakan ƙara kyau, muƙamuƙin ƙasa na babban namiji yakan lanƙwashe kamar ƙugiya, kuma faɗa yakan ƙaru a tsakaninsu. Shi ya sa manyan da suka ɓuya duk tsawon lokacin zafi sukan fito su kai wa abu cafka, wani lokaci ba don yunwa ba, sai don korar abin da ya shigo musu wuri.

Game da tana, kifin yana cinta sarai, musamman bayan ruwan sama idan kogi ya ɗan gurɓace. Matsalar ita ce a wurare da dama takardar izinin ta hana amfani da ita, saboda kifi yakan haɗiye ta har ciki, a rasa yadda za a cire ƙugiyar ba tare da an kashe shi ba. Abin da aka fi yi shi ne ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙaramar ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Wani ana yin sa ya yi iyo a saman ruwa, wani ya nutse kamar tsutsar ƙwaron da ke zaune ƙarƙashin duwatsu, wani kuma a yi shi dogo kamar ɗan ƙaramin kifi, wanda shi ne ya fi tsokanar waɗannan mazaje masu faɗa. Da rana tsaka, musamman ranar da gari ya yi lumshi, wasu ƙananan ƙwari sukan taso daga cikin ruwa gaba ɗaya kamar shinge bayan ruwan farko, nan take sai ka ga kifi na ɗago baki yana tsince su. Don haka sammakon da ka saba yi zuwa Challawa ba shi da amfani sosai a can, gara ka bari hantsi ya yi, ruwan ya ɗan yi ɗumi.

Inda na fi jin tsoron al'adarka ta gida za ta cuce ka shi ne wajen zama. A dam mutum yakan jefa fatsa ya zauna yana jira, ruwa kuma yana da duhun laka, kifi ba ya ganinsa. Kogin tsauni garau yake har kana iya ƙirga duwatsun ƙasansa, kifin kuma yana da ido, inuwarka kaɗai ta isa ta kore shi. Kullum yana fuskantar inda ruwa ke fitowa yana jiran abin da zai gangaro masa, saboda haka ta bayansa ake zuwa, ana haurawa sannu a hankali, a jefa ƙwaron a gabansa a bar ruwa ya kawo masa shi kamar ba a ɗaure yake ba. Ka nemi bayan manyan duwatsu, da ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, da wurin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Idan kuma ka ga tsakuwa ta yi fari tas a wuri guda alhali ta kewaye tana da gansakuka, kada ka taka, mai yiwuwa ramin ƙwai ne. Duwatsun suna da santsi ƙwarai, faɗawa ruwa mai wannan sanyi kuwa ba abin wasa ba ne ga wanda hunturun Kano ma ke sa shi hura gawayi.

Tambayarka ta biyu amsarta zafi ne. Tirawut ya fi sakewa a ruwa mai digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, idan ya wuce 20 sai ya fara galabaita, kusan 25 kuwa mutuwa ce. Ruwa mai digiri 10 yana iya riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 11 a kowace lita, amma a digiri 30 bai kai 8 ba, shi kuwa wannan kifi mai yawan buƙatar iska ne. Tarwadarmu tana iya ɗago kai ta shaƙi iskar sarari, abin da ya sa take rayuwa a kwatami mai laka, shi kuwa ba shi da wannan baiwa. Ruwan Tiga da Challawa da Bagauda ya fi ƙarfinsa a mafi yawan shekara. A Afirka galibi ana samunsa ne a tsaunuka: ɗan asali ne a duwatsun Atlas na Maroko, Turawa suka kai shi kogunan tsaunukan Kenya a 1905, a Lesotho kuma ana kiwon ɗan'uwansa ɗan Amurka a dam ɗin Katse. Wanda ya nace sai ya yi kiwonsa a Kano dole ya sanyaya ruwa da lantarki dare da rana, kuma kuɗin wutar kaɗai ba ƙaramin nauyi ba ne.