Amsa ga ɗan'uwan da ke neman hanyar keke mai sauƙi ta karkara da kurmi

Salamu alaikum ɗan'uwa. Tun jiya naga tambayarka, kace ka sayi keken titi mai siririyar taya, wata biyu kenan kana zagaye cikin gari, yanzu kana so ka fita wajen gari kayi kamar kilomita 50 ko 60 a kan kwalta, hanyar da ta ratsa gonaki da kurmi, wadda ba ta da hawa mai tsanani, shine kake tambaya ya ake zaɓar irinta. Naga wasu sun ce ka buɗe taswira kawai ka ja layi ka tafi. Gaskiya ni ban yarda da wannan ba, shekara goma sha uku ina wannan harkar, kuma abinda na gane shine yawan kilomita shine abu na ƙarshe da za ka duba.

Fara da lissafin hawa. Duk manhajar da ake tsara hanya da ita, Komoot ne ko Strava ko Ride with GPS, bayan ta baka tsawon hanya za ta baka jimlar mitocin da za ka hau, to wannan lambar ita ce gaskiyar hanyar. Ni yadda nake yi, sai in raba hawan da kilomita. In ya fito ƙasa da mita 5 a kowace kilomita to shimfiɗa ce, in ya kai wajen 10 to ka shiga ƙasa mai tudu da kwari, in ya haura 15 kuwa ba taka bace yanzu, ka bari sai ƙafa ta yi ƙwari. Abinda ke yaudarar sababbi shine za ka kalli karkara ka ga babu dutse ko ɗaya, sai 'yan tuddai ƙanana masu kyan gani, amma kilomita 60 mai hawan mita 600 tana iya zama tudu talatin kowanne mita 20, ka hau ka gangara ka hau ka gangara, na farko da na biyar ba za ka ji komai ba, amma wajen na ashirin cinyarka za ta fara yi maka magana. Kuma ka duba tsananin kowane hawan, in aka rubuta kashi 5 cikin 100 ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 5. Kashi 3 ko 4 za ka hau kana hira, daga 8 zuwa sama kuwa ko gajere ne sai ka tashi tsaye kan feda.

Sai iska, kuma a nan zan daɗe don ita ce ta fi koya min darasi. Fili mai gonaki ba abinda ke tare iska. Akwai ranar da na fita da safe, ina ta gudu kamar ana tura ni, feda ba nauyi, ina jin daɗi har na ƙara kilomita goma kan abinda na shirya, ashe iska ce a bayana. Da na juyo sai naji kamar an riƙe min riga ta baya, ciyayin bakin hanya duk sun kwanto suna kallona, kunnena sai huuu yake, ruwana ya ƙare saura kilomita 18, hanyar da na yi cikin awa ɗaya da kwata sai da ta ci min fiye da awa biyu a dawowa. Dalili kuwa, turjiyar iska ba ɗaya bayan ɗaya take ƙaruwa ba, in gudun ya ninka biyu ita sai ta ninka huɗu. Kana tafiya kilomita 20 a awa, iska na zuwa ta gabanka da 15, to jikinka yana tsaga iskar 35 ne, wato kusan ninki uku na abinda za ka ji in ba iska. Shi yasa tun daga ranar kafin in fita sai na duba daga ina take kaɗawa, in fuskance ta a tafiya lokacin da nake da ƙarfi, ta rako ni gida a dawowa. In kuma hanyar zagaye ce, to ka tsara yadda ɓangaren kurmin zai faɗo daidai inda za ka fuskanci iskar, bishiyoyi su tare maka, filin kuma ka barshi inda take bayanka. Wannan dabarar kaɗai tana canza tafiya gaba ɗaya wallahi.

In kana son shimfiɗa ta gaske ka nemi abu uku a taswira, gefen kogi, gefen magudanar ruwa da aka haƙa, da tsohon layin dogo da aka mayar hanya. Ruwa ba ya hawa tudu, jirgin ƙasa ma ba ya son hawa mai tsanani, don haka yawanci hanyar da ta bi su lafiyayya ce. Manyan hanyoyin keke da suka yi suna a duniya haka suke, ta gefen kogin Danube daga Passau a Jamus zuwa Vienna a Ostiriya wajen kilomita 320 ce kuma har yara da tsofaffi suna binta, ta kogin Loire a Faransa kusan kilomita 900, sai Vennbahn mai kilomita 125 wadda ta tashi daga garin Aachen a Jamus ta ratsa Beljiyam ta shiga Luksambur a kan tsohon layin dogo, ta cikin kurmi da yawa amma hawanta a hankali yake. A yankin Limburg na Beljiyam ma tun 1995 wani injiniyan ma'adinai Hugo Bollen ya fito da tsarin sa wa mahaɗar hanyoyi lamba, kai dai ka rubuta lambobin a takarda ka manna a kan keke kana bi ɗaya bayan ɗaya, daga baya Holand ta ɗauka. Ba cewa nake sai ka je can ba, hikimar nake so ka ɗauka, ko ina kake ka nemi kwarin kogi, kuma ka rubuta mahaɗunka a takarda don cajin waya yana ƙarewa kuma cikin kurmi sabis yakan ɗauke.

Maganar motoci ba doguwa bace, ƙaramar hanya mai ɗan zagaye ta fi babba miƙaƙƙiya sau dubu, ko da za ta ƙara maka kilomita bakwai. Taswirar Strava mai nuna inda masu keke suka fi bi tana taimakawa, amma kar ka yarda da ita ido rufe, wani lokacin layin da ya fi haske babban titi ne da gwanaye ke bi cikin ayari. Ka buɗe hoton tauraron ɗan adam ka tabbatar kwalta ce har ƙarshe, don manhaja takan jefa ka cikin tsakuwa ko turɓaya tana ce maka titi ne.

To kurmi. Ni dai saboda shi nake fita, lokacin da ka baro rana ka shige inuwa sanyin nan ya daki fuskarka, ƙamshin danshi da ganye, ƙarar taya kan kwalta da kukan tsuntsaye kawai kake ji, ba abinda ya kai wannan. Amma nan ne kuma na taɓa faɗuwa mafi muni. An yi ruwa da dare, a fili kwalta ta bushe ƙayau, sai na ɗauka ko ina haka ne, na shigo wata kwana a gangare cikin bishiyoyi inda rana bata kai ba, jiƙaƙƙen ganye ya manne da kwalta kamar an shafa sabulu, na matse birkin gaba ina tsakiyar kwanar, kafin in ankara ina ƙasa, gwiwar hannu da ƙugu duk sun kwaile, hular kwanona ta tsage ta gefe. Da ba hular ba Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya, dan Allah kar ka fita babu ita ko da nan da can ne. Abinda na koya, ka gama rage gudu tun kana miƙe kafin ka shiga kwana, cikinta ka saki birki ka kalli mafita, kar ka kalli ramin da kake tsoro don inda ido ya je nan keke ke zuwa. Sannan hasken da ke ratsowa ta ganye yana yi wa kwalta dabbare-dabbare, rami da inuwa sai su zama iri ɗaya, ga saiwar bishiya da ke ɗaga kwalta ta yi ƙusumbi, ga reshe da ya faɗo. In tabarau ɗinka baƙi ne sosai cire shi ko ka sa mai haske. Fitilar baya mai walƙiya ka kunna ta ko da rana tsaka, direban da ya shigo inuwa daga hasken rana idonsa na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya ganka. Da asuba da goshin magariba kuma dabbobi ke tsallaka hanya, in ɗaya ta wuce ka sa ran akwai ta biyu a baya.

Wajen gonaki kuma laka ce da tarakta ke fitowa da ita a bakin shiga gona, da tsakuwar da ruwa ke tarawa a ƙasan gangara, yawanci daidai kan kwana. In ka ji tarakta a bayanka a matsattsiyar hanya ka samu wuri ka tsaya ta wuce, abinda take ja ya fi ta faɗi.

Keken naka baka faɗi girman tayarsa ba. In faɗinta milimita 23 ne ko 25 kuma firam ɗin, wato ƙarfen jikin keken, zai ɗauka, ka koma milimita 28 ko ma 32, hanyar karkara ba sumul take ba, faffaɗar taya da iska daidai ta fi riƙe ƙasa kuma bata jijjiga ka, kuma ba za ka rasa gudun da kake tsoro ba. Ni nauyina kilo 75, a taya 28 ina sa iska wajen psi 70 a gaba 75 a baya (psi shine ma'aunin ƙarfin iskar taya), da can ina ɗura mata 100 ina mamakin me yasa hannuna ke mutuwa. Giya kuma in kana da faranti mai haƙora 34 a gaba da mai haƙora 32 a baya ba tudun karkarar da zai gagare ka, ka sauya zuwa mai sauƙi tun kafin hawan ya kama ka, ƙafa tana juya feda kamar sau 80 zuwa 90 a minti, kar ka tsaya kana niƙa mai nauyi gwiwa ce za ta biya. Ka ɗauki tub biyu, famfo, ƙarfen cire taya, kayan faci da ƙaramin makulli, kuma ka gwada canza tub a gida sau ɗaya ko biyu kafin ranar. Gorar ruwa biyu, kana kurɓa tun kafin ƙishi ya zo, da ɗan abin ci a aljihu bayan awa ɗaya ka fara.

Shawarata fitar farko kar ka yi 60. Ka yi 35 zuwa 40, ka tsara ta kamar lamba 8 yadda za ka dawo kusa da inda ka tashi a tsakiya, in jiki ya ƙi sai ka yanke, in da sauran ƙarfi ka shiga zagaye na biyu. Ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo. In ka zana ta ka turo min jimlar hawan da girman tayar in duba maka kafin ranar, insha Allah.