Magenmu Ta Tsufa, Sai Shan Ruwa da Ramewa: Me Zan Yi Mata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Akwai wata mage da ta shigo gidanmu da ƙafarta shekara 13 da suka wuce, ranar wani ruwan sama, tana 'yar mitsitsiya, ta maƙale a bayan randa. Muka ba ta abinci, tun daga ranar ba ta sake tafiya ba. Yarana duk a gabanta suka tashi. Yau kusan wata huɗu ke nan tana ramewa, ƙashin bayanta ya fito, ba ta da aiki sai shan ruwa da fitsari. Wani lokaci takan yi amai da safe, bakinta kuma yana wari. Abinci ma sai ta sunsuna ta kau da kai. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa mata rabin Panadol, maigidana kuma ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari, kada ta mutu a gaban yara. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Me ke damunta, kuma me ya kamata in yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alherin shekarun nan 13.

Zan fara da Panadol, domin shi ne abin da zai iya kashe ta kafin gobe. Kada ki ba ta, ko ɓarin ƙwaya. Hantar mutum tana da wani sinadari da ke sarrafa farasitamol ya fita daga jiki, ita kuwa kyanwa nata bai taka kara ya karya ba. Maganin sai ya zame mata guba, ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska. Dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, ta dinga haki. Ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta hallaka babbar mage mai ƙoshin lafiya, balle tsohuwa marar lafiya. Haka su ibufurofen da dikilofenak da ake sha don ciwon jiki: ƙoda suke ci, ita kuwa ƙodar ce nake zargi a nan.

Mage mai shekara 13, in da mutum ce, ta doshi saba'in. Alamun da kika lissafa, yawan shan ruwa, yawan fitsari, ramewa a hankali, amai, warin baki da ƙin abinci, su ne muka fi gani a tsohuwar kyanwar da ƙodarta ta gaji. Kyanwar gida ta samo asali ne daga magen daji ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa, shi ya sa Allah ya yi mata ƙoda mai tattalin ruwa, fitsarinta kaɗan ne, mai kauri da zarni. Idan ƙodar ta raunana sai ta kasa riƙe ruwan, ya dinga zuba ta fitsari. Fitsarin ne ke jawo ƙishirwar. Na sha ganin masu mage sun ɗauke kwanon ruwa da dare don kada ta ɓata musu ɗaki, suna ganin sun yi dabara, alhali ruwan nan ne ke riƙe da ranta. Dattin da ya kamata ya fita kuma yana taruwa a jini, shi ke tayar mata da zuciya, shi ke sa bakinta wari, wani lokaci har da gyambo a harshe. Abin takaici, alamun ba sa bayyana sai kusan kashi biyu cikin uku na ƙodar ya riga ya daina aiki, don haka kada ki ɗora wa kanki laifin rashin lura da wuri.

Amma daga wasiƙa ba a yanke hukunci. Ciwon suga ma yana kawo yawan sha da fitsari, haka ciwon wani ƙululu da ke maƙogwaro, sai dai masu waɗannan yawanci ci suke kamar gara amma suna ramewa. Ruɓaɓɓen haƙori yana sa warin baki da ƙin ci. Akwai kuma wanda nake so ki duba yau: idan ba a taɓa yi mata aikin cire mahaifa ba, tsohuwar mage kan tara mugunya a mahaifa. In kin ga cikinta ya kumbura, ko wani ruwa mai wari yana fita ta bayanta, wannan na gaggawa ne, kuma tiyata tana iya warkar da shi gaba ɗaya.

Kin yi sa'a a Zariya kike. Asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Masu karatu na Sakkwato da Maiduguri ma jami'o'insu suna da irinsa. Ki roƙi a gwada jininta da fitsarinta, a duba bakinta, a auna nauyinta, in da hali a auna hawan jini, domin ciwon ƙoda yakan zo da shi, shi kuma yana makantar da kyanwa farat ɗaya. Ki tafi da sanyin safiya. Ki sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ki shimfiɗa mata tsumman da ta saba kwanciya a kai, ki rufa zane a sama. Ban da buhu.

In gwaji ya tabbatar ƙoda ce, gaskiyar da zan faɗa miki ita ce ba a warkewa. Abin da ya lalace ya lalace. Sai dai ana iya rage wa ciwon gudu, a kuma sauƙaƙa mata rayuwa, wasu su ƙara watanni, wasu shekaru, gwargwadon inda aka tare shi. Yawancin aikin kuma a hannunki yake, ba a hannunmu ba.

Ruwa ne kan gaba. Ki ajiye mata a wuri biyu ko uku, a kwano mai faɗi wanda gashin bakinta ba zai dinga gogar gefensa ba, nesa da inda take bayan gida. Kaskon ƙasa ya fi roba, yana riƙe sanyi, musamman in bazara ta kama. Ki sauya shi safe da yamma. Romon kaza da aka dafa ba gishiri ba magi yana jawo ta ta ƙara sha. Ki riƙa ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunta ki saki: in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma, ruwan jikinta ya yi ƙasa. A asibiti muna yi musu ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ba ya ɗaukar lokaci, kuma sau da yawa kyanwar da aka kawo a galabaice sai ki ga washegari ta nemi abinci. Akwai kuma maganin tsayar da amai da na buɗe ciki da likita zai auna mata daidai nauyinta.

Sai abinci. Kyanwa maciyar nama ce ta asali, tuwo da miya ba sa riƙe ta. Ana sayar da abincin gwangwani na musamman don masu ciwon ƙoda, in kin samu kuma aljihu ya ɗauka shi ya fi, amma na san tsadarsa da wuyar samunsa. A gida, ki dafa mata naman kaza da ɗan kitsensa, ki haɗa da farin dafaffen ƙwai da 'yar shinkafa mai laushi. Abin da ƙodar ta fi kasa fitarwa wani sinadari ne da ke da yawa a ƙashi, don haka ki janye mata busasshen kifi mai ƙaya da kan kifi, duk da na san su ne ranta. Ki janye kifin gwangwani saboda gishiri. Madara kan sa manyan kyanwoyi gudawa, wadda za ta ƙara tsotse ta. Ragowar miya kuwa akwai albasa da tafarnuwa a ciki, su biyun suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Ki ɗan ɗumama abincin don ƙamshi ya tashi, ki ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, ki zauna kusa da ita. In ta ƙi na ƙa'ida sam, ki ba ta abin da za ta karɓa, domin kyanwar da ta kwana biyu ko uku ba ci hantarta ma takan shiga matsala. Kada dai a danne ta a yi mata ɗura.

Ki ajiye mata baho mai gajeren baki da yashi kusa da makwancinta, tsufa ya sa tafiya ta yi mata nisa. In ta yi fitsari a tabarma, a hana yara dukanta. Ranar da za a fesa fiya-fiya a ɗaki, a fitar da ita da kwanukanta sai warin ya gushe.

Maganar maigida kuma, na fahimci tausayin yara ne ya sa shi faɗin haka, kuma mutane da yawa haka suke yi. Amma ki taya ni roƙonsa, cikin ladabi, ya hango abin da zai faru bayan an juya baya. Wannan mage ba ta san ko'ina ba sai gidanku. Ba ta da ƙarfin kama ɓera, ba ta iya tsere wa kare ko jifan yara, ga jikin da ba ya yini ba ruwa. Ƙishirwa ce za ta kashe ta, a hankali, tana neman hanyar gida. Mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wadda ba ta iya nema wa kanta komai, sakinta a daji da tsare ta ba su da wani nisa a wurina. Ta zo muku a jiƙe kuka karɓe ta, ina roƙon a bar ta ta ƙarasa a inda ta sani.

Ranar rabuwa za ta zo, gara ki san kamanninta. Kyanwa tana ɓoye ciwo, ba ta kuka kamar kare, don haka ki duba aikinta. Tana fitowa shan hantsi? Tana lasar jikinta? Tana ɗago kai in kin kira ta? Ki samu kalanda ki riƙa yin alama, yau da dama-dama, yau babu. Idan ranakun wahala suka rinjayi na sauƙi, ta daina ci gaba ɗaya, har ruwan ma ta zauna gabansa ta kasa sha, ƙafafun baya suka daina ɗaukarta, kunnuwa da tafin ƙafa suka yi sanyi, ko ta fara farfaɗiya ko numfashi da baki buɗe, to magani ya kai iyakarsa.

A wannan gaɓar likitan dabbobi yana iya yi mata allurar barci mai ƙarfi ta jijiya. Barci take fara yi, cikin minti ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya, ba ta jin zafi. Idanunta kan zauna a buɗe, kada hakan ya tsorata ki. Na san tambayar da za ta zo miki, ko ya halatta. Ni ba malami ba ne, amma a littattafan fiƙihun Malikiyya an yi maganar halaccin hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin halin da take ciki, don zuciyarki ta natsu. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a ba ta shinkafar ɓera ko a jefa ta a ruwa. Azaba ce tsantsa. In kuma kin zaɓi ta cika a gida, ki yi mata shimfiɗa mai taushi a lungu marar hayaniya, ki riƙa jiƙa mata baki da ruwa a auduga, ki riƙa juya ta.

Yara kuwa, a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: ta tsufa, ba ta da lafiya, kowane mai rai yana da ranarsa. Yaron da aka ce wa ta ɓata yakan yi makonni yana leƙen zaure. A bar su su shafa ta, su kai mata ruwa. Idan ta cika, a naɗe ta a tsohon zane, a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya nesa da rijiya, a binne. Kada a jefa ta a bola ko kwata, musamman in an yi mata allurar, domin maganin yana nan a jikinta, zai iya kashe kare ko ungulun da ya ci. Za ki ji masu cewa a kan mage kike hawaye. Na ga dattawa masu furfura sun fita daga ɗakin duba dabbobi suna share ido da hannun riga, ban kuma taɓa ganin aibin hakan ba.

Amma ba mu kai can ba tukuna, Hajiya. Mage mai tashi da ƙafarta ta je ta sha ruwa tana da sauran ƙarfi. Ki kai ta gwaji cikin makon nan, ki rubuto min abin da aka samu da nauyinta, sai mu tsara abincin daidai da matakin ciwon. Yau da dare kuma ki tara yaran ki gaya musu maganar Panadol ɗin nan, domin wataƙila sun ji shawarar maƙwabciya, kada tausayi ya sa wani ya ba ta a ɓoye.